Nauyin Ƙirji Yayin Tafiya: Olsa Ce Ko Zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ɗan shekara 56 ne, kuma yana da hawan jini. Wata uku ke nan, duk lokacin da ya yi sauri zuwa masallaci ko ya hau bene, sai ya ce kamar an aza masa buhun siminti a ƙirji, amma da zarar ya zauna sai abin ya sake shi. Shi dai ya ce olsa ce, yana ta shan maganinta. Ina neman shawara. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ciwon da wahala take tayarwa, hutu kuma ya kwantar da shi, ya fi kama da abin da likitoci suke kira anjaina. Tsokar zuciya tana da jijiyoyinta masu kai mata jini, kuma idan kitse ya taru a cikinsu suka tsuke, jinin da yake wucewa yakan ishe ta a zaune, amma ba ya isarta idan aiki ya ƙaru. Shi ya sa hawan bene, fushi, sanyin asuba ko cin abinci mai nauyi suke tayar da shi, kuma yakan lafa cikin mintuna kaɗan. Sau da yawa mai shi yakan dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji idan yana kwatanta shi, wani lokaci kuma yakan bi hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi. Zafin olsa kuwa da yunwa ko cin abinci yake tafiya, babu ruwansa da matakala.

Ki lallashe shi ya ga likita cikin wannan makon, a yi masa gwajin zuciya na ECG, a auna suga da kitsen jini. Akwai ƙwayar nitroglycerin da ake sawa a ƙarƙashin harshe idan ciwon ya taso, sai dai haɗa ta da maganin ƙarfin maza irin su Viagra yana iya faɗar da jini ƙasa warwas, don haka kada kunya ta sa ya ɓoye wa likita.

Idan ciwon ya zo masa yana zaune ko cikin barci, ko ya kai minti 15 bai lafa ba, musamman tare da gumi, tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan take, kuma kada ya tuƙa mota da kansa.