Amsa ga mai shirin karatu a Hangzhou: gidan tunawa da Yue Fei

Ka ce ka samu gurbi a Jami'ar Zhejiang da ke Hangzhou a ƙasar Sin, kuma ka ji ana kai baƙin ɗalibai Yue Miao, wato gidan tunawa da Yue Fei, shi ne kake tambaya ko wurin bauta ne. Ɗan'uwa, ka je. Kabari ne da gidan tarihi. Za ka ga wasu suna rusunawa gaban mutum-mutumin Yue Fei, amma babu mai sa ka yi. Ka tsaya gefe ka kalla kawai.

Yue Fei janar ne na daular Song ta Kudu, an haife shi a 1103. Ya yi ta fatattakar dakarun daular Jin da suka mamaye arewacin ƙasar, yana cikin samun nasara sarki Gaozong ya kira shi gida, don fada ta fi son sulhu. Waziri Qin Hui ya ƙulla masa sharri, aka kashe shi a 1142. An wanke sunansa a 1162, aka gina wurin a 1221. An lalata shi a juyin al'adu na 1966, aka gyara a 1979, don haka yawancin abin da za ka gani ba tsoho ba ne.

Kada ka tsaya a babban zaure ka juya. Ka wuce ɓangaren kabarin, inda yake kwance kusa da ɗansa Yue Yun. Suna fuskantar kabarin akwai mutum-mutumi huɗu na ƙarfe a durƙushe, hannu ɗaure a baya: Qin Hui, matarsa Wang, da abokan ƙulla sharrinsa Moqi Xie da Zhang Jun. Shekaru aru-aru mutane suna tofa musu yawu, har sai da aka kafa allo ana hanawa. Kai ma kada ka gwada.

Wurin yana arewacin Tafkin Yamma, a gindin tudun Qixia. Bas mai lamba 7 na tsayawa kusa. Tikiti kimanin yuwan 25 ne. Ka riƙe fasfo da katin makaranta, ka tambayi rangwamen ɗalibai. Inda sababbin zuwa ke shan wahala shi ne biya: ka haɗa katin bankinka da manhajar biya ta Alipay ko WeChat tun kafin ka fita, domin ba kowa ke da canjin takarda ba. Ka guji 1 zuwa 7 ga Oktoba, hutun ƙasa ne, ba masaka tsinke. Awa ɗaya ta ishe ka da safiyar ranar aiki. In azahar ta riske ka, Masallacin Fenghuang yana titin Zhongshan, gabas da tafkin.