Amsa: Ina gundumar Gomma take, kuma mutum nawa ne a cikinta?

Malam, ka ce kana rubutu kan gundumar Gomma ta Oromawa, amma alƙaluman da kake gani sun saɓa wa juna.

Gomma tana kudu maso yammacin Habasha, a shiyyar Jimma ta jihar Oromiya. Babban garin yankin shi ne Agaro, kimanin kilomita 45 daga birnin Jimma. Ƙasa ce ta tuddai da dazuka, ruwan sama yana sauka da yawa, shi ya sa gahawa ta zama abin dogaron manoma, a ƙarƙashin inuwar itatuwa ake nomanta. Akasarin mutanen Musulmi ne, kuma a ƙauyuka suke zaune. A tarihi, Gomma tana cikin masarautun Oromawa guda biyar na yankin kogin Gibe a ƙarni na 19, abin da nake ganin bai kamata ka tsallake ba.

Batun yawan jama'a nan ne ake tuntuɓe. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Habasha ta 2007 ce, kuma ta nuna Gomma ta haura mutum dubu 200. Duk wani adadi na bayanta ƙiyasi ne, ka rubuta shi a matsayin ƙiyasi. Ka kuma duba ko an haɗa da Agaro, domin wasu lissafan suna ware garin daban. Sannan ka lura da shekarun da ke jikin alƙaluman, domin kalandar Habasha tana bayan ta Miladiyya da shekara 7 zuwa 8. Kada kuma ka haɗa ta da Goma ta Kwango.

Idan aikin makaranta ne, nemi alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Habasha, ka kuma tuntuɓi malaman Jami'ar Jimma kan taswira da iyakokin yanzu.