Hukuncin haɗa tarkon leprechaun a makarantar yara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Amurka. An ba 'yata mai shekara 6 aikin gida, ta haɗa tarkon kama leprechaun da kwalin takalmi, ta kai makaranta kafin 17 ga Maris. Ya halatta in taya ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Leprechaun wani ɗan tsurut ne a tatsuniyoyin mutanen Ailan, mai ɗinkin takalma, wai yana ɓoye tukunyar zinariya inda bakan gizo ya ƙare. Ba bauta masa ake yi ba. Matsayinsa bai wuce na Gizo a wajenmu ba. Ita kuwa 17 ga Maris ranar tunawa da Patrick ce, wanda ya yaɗa Kiristanci a Ailan a ƙarni na 5, don haka asalinta addini ne, ko da yau ta koma bikin koren tufafi.

Yanka kwali, manna takarda, kafa ɗan tsani da tsinke, duk halal ne. Nana A'isha tana da dokin wasa mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Ki taya ta, amma ki gaya mata ƙarara tatsuniya ce, kuma arziki na Allah ne. A bar zanen ganyen shamrock mai kunne uku da ake ado da shi a ranar, don ana danganta shi da bayanin aƙidar Allah uku.

Inda na fi tsoro shi ne daren da za a wayi gari 17 ga Maris. Iyaye kan lallaɓa su zuba cakulan mai siffar kuɗin zinariya a tarkon, su buga koren sawu a ƙasa, da safe su ce leprechaun ya zo ya tsere. Wannan ƙarya ce. Mahaifiyar Abdullahi bn Amir ta ce masa ya zo ta ba shi abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. In za ki ba ta cakulan, ki miƙa mata da hannunki.

Shagalin ranar kuma ba namu ba ne, Idinmu biyu. In hankalinki bai kwanta ba, ki roƙi malamarta ta karɓi tarkon ɓera a madadinsa, dabarar haɗawar ɗaya ce. Wallahu a'alam.