Kakanmu ya bi Sarkin Musulmi gabas, ina za mu gano sawunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakata takan ba mu labarin cewa kakanta ya bar Sakkwato shekarar da Nasara suka ci garin, ya bi Sarkin Musulmi gabas, ya bar matarsa da goyo, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ko akwai hanyar gano inda ya ƙare?
Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar kakarki ta dace da tarihi. Turawan Ingila sun shiga Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya kuwa ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashinsu, kuma duk garin da ya ratsa sai manoma su ajiye fartanya su bi bayansa. An rutsa da su a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, suka zauna a bakin Nilu kusa da Sennar, a wani gari da har yau ake kira Mai Wurno.

Sai dai ki yi hattara, domin ba duk wanda ya yi gabas ne ya bi Attahiru ba. Wasu aikin Hajji suka tafi a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya ƙwadagon auduga a yankin Jazira na Sudan har suka yi aure can. Gidaje kan so jingina kakansu da hijirar saboda darajarta.

Kada ki fara da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, don rahotannin Turawa sarakuna suka fi ambata, talaka ba kasafai sunansa ke fitowa ba. Ki fara da kakarki tun tana da ƙarfin tunani, ki naɗi muryarta a waya, ki tambayi sunansa da na mahaifinsa, laƙabinsa, unguwarsu, sana'arsa da irin tsagar gidansu. Idan akwai tsohon Alƙur'ani a gafaka, a buɗe a duba gefen takardun, domin malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a nan.

Da waɗannan sunaye za ki tunkari dattawan Mai Wurno, waɗanda har yanzu suna jin Hausa da Fulatanci. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa mutanen yankin, saboda haka ki haɗa da cigiya wurin 'yan uwansu mazauna Makka da Madina, ta hannun duk wani naku da zai tafi Umara.