Na goge kwantena mai terabayit 6 a Data Domain, fili bai dawo ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfani a Kaduna. Na'urarmu ta ajiyar ko-ta-kwana Data Domain ce, manhajar Veeam ke zuba mata ajiya kowane dare. Makon jiya ta cika har kashi 93 cikin ɗari, sai wani injiniya da muke kira lokaci-lokaci ya ce in goge wata tsohuwar kwantena, wato MTree, da ke nuna terabayit 6. Na goge shekaranjiya Laraba, amma fili ko kaɗan bai ƙaru ba. Yanzu ya ce in ƙara goge biyu, sannan in tayar da shara da hannu, wato aikin da na'urar ke yi na share bayanan da aka goge don fili ya dawo. Abin da ya hana ni barci shi ne, jiya Alhamis shugaban sashen kuɗi ya shaida min ajiyarsu ta ƙarshen shekarar 2022 tana cikin wadda na goge, ga masu binciken kuɗi na tafe. Shin ta tafi ke nan? Don Allah a taimaka, aikina na cikin haɗari.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka karanta sauran bayanin, cire hannunka daga na'urar nan. Kada ka goge komai, kuma ko wa ya ce maka ka buga filesys clean start, wato umarnin tayar da sharar, kada ka buga.

Bisa abin da ka faɗa, ajiyar sashen kuɗi tana nan. A Data Domain, idan ka goge MTree, alama kawai ake sa mata cewa an yi watsi da ita, bayanan kuwa ba sa motsawa sai shara ta bi ta kansu. Sharar nan, in ba wanda ya taɓa jadawalinta, ranar Talata da ƙarfe 6 na safe take tashi. Ka goge Laraba, ke nan kana da zuwa asubahin Talata. Fara da filesys clean status ka ga ranar da ta gudana a ƙarshe. In tun kafin Larabar ce, buga filesys clean set schedule never don ka dakatar da jadawalin tukuna, sai mtree list, za ka ga kwantenar da harafin D a gefenta. Daga nan mtree undelete da cikakkiyar hanyarta, wadda ke farawa da /data/col1/. Bayan ta dawo ka duba ko ƙofar CIFS ko NFS ɗinta, wato hanyar da Veeam ke bi ya isa gare ta, na nan, in babu ka sake buɗewa, ka sa Veeam ya sake binciken ma'ajiyar, sannan ka maido fayil ɗaya na sashen kuɗi ka buɗe shi da idonka. Sai ya buɗu za ka ce wa shugaban sashen an samu.

Ka lura da shawarar da aka ba ka. Da ka tayar da shara da hannu kamar yadda mutumin ya ce, da da hannunka ka rufe ƙofa ɗaya tilo da ta rage maka.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya jefa ka cikin wannan hali, domin kusan kullum sai na gamu da shi, kuma ya ishe ni. Mutane sun ɗauka kwantena a irin wannan na'ura kamar ɗaki ce mai bango huɗu, kayan da ke ciki nata ne ita kaɗai, in ka rushe ta sai filinta ya dawo maka cif. Ba haka abin yake ba, kuma duk wanda yake karɓar kuɗi da sunan injiniya bai san wannan ba, bai cancanci a ba shi kalmar sirrin na'urar ba.

Terabayit 6 ɗin da ka gani, lissafin abin da Veeam ya turo ne kafin a tace maimaici. Na'urar tana yanka duk abin da ya shigo gutsure-gutsure, daga kilobayit 4 zuwa 12, galibi wajen 8, ta yi wa kowane gutsure tambari, in ta taɓa ganin irinsa ba za ta sake rubuta shi ba, sai dai ta nuna inda na farkon yake. Kuma wannan tacewar ba ta san iyakar kwantena ba, duka na'urar rumbu ɗaya ce. Ka ɗauka sito ne guda, 'yan kasuwa biyar na ajiya a ciki, kowa da takardarsa, kuma buhu ɗaya yana iya fitowa a takardu huɗu. Ka yaga takarda ɗaya, buhu nawa suka fita daga sito? Babu ko ɗaya. Ko mai shara ya zo, abin da zai fitar kawai shi ne buhun da babu sauran takardar da ke ambatonsa.

To tsohuwar kwantenarka me ke cikinta? Windows iri ɗaya da na sauran sabobinku, wato manyan kwamfutocin kamfanin, rumbun bayanai iri ɗaya wanda sabuwar ajiya ke ɗauke da mafi yawansa, takardun ofis da ba a taɓa su ba shekara da shekaru. A misali, in tacewarku ta kai ninki 15, terabayit 6 ya koma gigabayit 400 a kan faifai, kuma cikin 400 ɗin ma wani kaso na hannun sauran kwantenoni. Ke nan ka sa ajiyar ƙarshen shekara ta sashen kuɗi a bakin rami saboda filin da watakila ajiyar 'yan kwanaki za ta cinye.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda kuskuren ke haihuwa. An goge ɗaya, ba a ga fili ba, sai a ce ai ba ta isa ba, a ƙara biyu. Ba a gani ba, sai a shiga ta Windows a buɗe foldar ajiya a riƙa zaɓen tsofaffin fayiloli ana gogewa a bayan idon Veeam. Wannan ya fi na farko muni. Ajiyar Veeam sarƙa ce, cikakkiyar ajiya wadda sunan fayil ɗinta ke ƙarewa da vbk sannan ƙananan vib da suka rataya a kanta. Ka cire ta farkon don ka ga ta fi tsufa kuma ta fi girma, duk na bayanta sun zama banza, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ake tsaye a kanka ana jiran ka maido. Na taɓa zuwa wani ofis da aka yi haka wata uku kafin sabarsu ta mutu. Ba mu iya maido musu komai daga wannan sarƙar ba, kuma yaron da aka ɗora wa laifi umarni kawai ya bi. Har yau abin na damuna.

Kada kuma wani ya kwantar maka da hankali cewa ai akwai na'ura ta biyu da ake kwafa mata. Kwafin MTree madubi ne, fayil ɗin da ka goge a cikin kwantenar asali zai ɓace a can ma da zarar kwafi na gaba ya wuce, sai fa in kana riƙe da hotunan ajiya, wato snapshot da ke adana kwantenar yadda take a lokacin da aka ɗauke shi, a ɓangaren can.

Sai batun cikar na'urar, wanda shi ne ainihin ciwon. Buga filesys show space ka dubi layin Cleanable, shi ne ƙiyasin abin da shara za ta iya dawo da shi. Duba snapshot list a kan kowace MTree, domin hoton ajiya da aka ɗauka aka manta yana riƙe duk gutsuren da ke cikinsa, shara ba ta taɓa su. Duba ko kwafi zuwa na'ura ta biyu ya tsaya, domin in ya maƙale, bayanan da bai tura ba suna nan daram. Sannan mtree show compression zai nuna maka kwantenar da ba ta tacuwa. Yawanci za ka tarar wani ya kunna ɓoye bayanai ko matsewa mai ƙarfi a cikin Veeam, ko ana zuba bidiyon kyamarar tsaro, kuma irin waɗannan ba sa maimaituwa balle a tace su.

Akwai kuma matsalar da tamu ce a nan. Ofisoshi da yawa suna kashe janareta da dare, batiri ya ƙare, na'ura ta mutu, ba a kunna ta sai takwas. Shara kuwa aikin sa'o'i da yawa ce. In ƙarfe 6 na Talata kullum na'urarku a kashe take, ana iya yin watanni ba a share komai ba. Idan ka gama ceto kwantenar, ka mayar da jadawalin zuwa lokacin da ka tabbata akwai wuta, kuma kada ka manta shi a never. Kada ka bari ta kai ɗari bisa ɗari, domin ita kanta sharar tana buƙatar ɗan fili da za ta kwashe gutsure masu rai ta zuba kafin ta saki tsohon wuri.

Rage ajiya kuwa daga cikin Veeam ake yinsa, ta hanyar rage wa'adin riƙo, bayan mai bayanan ya sa hannu a takarda. Ka rubuta jerin kwantenoninku, kowace da sunan sashen da ya mallake ta da shekarun da doka ko kamfani ke so a riƙe, ka sa wa kowace iyaka, kana sane cewa iyakar MTree da lissafin kafin tacewa take aiki. In duk an yi wannan na'urar na sama da kashi 80, to ƙarin faifai kuke buƙata. Na san takardar sayen kaya kan kwana wata shida a teburin manya, kuma wannan jan ƙafar ce ke tura irinku ga masu shawarar goge-goge. Ka rubuta buƙatar yau da shugaban sashen kuɗi ke cikin fargaba, ka roƙe shi ya sa hannu tare da kai, ka haɗa da hoton abin da filesys show space ya nuna.