Majalisar Tarayya ta 1959 zuwa 1964: shin ta iya ce wa gwamnati a'a?

Tambaya: Malam, mahaifina ya sha gaya mana cewa majalisar zamanin Tafawa Balewa ita ce majalisa ta gaske, ta yanzu kuwa 'yan amshin shata ne. Da gaske waccan majalisar tana da ƙarfin da za ta hana gwamnati abin da take so? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Ɗan'uwa, maganar Baba akwai gaskiya a cikinta, amma ba duka ba. A ganina majalisar ta soma da ƙarfinta, sai dai kafin wa'adinta ya cika ƙarfin ya zube.

An zaɓe ta ranar 12 ga Disamba, 1959. Majalisar Wakilai tana da kujeru 312: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Jam'iyyar NPC ta ci 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka sami 89, AG da ƙawayenta 73, sauran suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu. Tunda babu mai rinjaye shi kaɗai, NPC da NCNC suka haɗa gwamnati. Sir Abubakar Tafawa Balewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Cif Obafemi Awolowo ya bar kujerar Firimiyan Yamma ya dawo Legas ya zama jagoran 'yan hamayya. Malam Aminu Kano, wanda ya ci kujerarsa a Kano, ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati saboda ƙawancen NEPU da NCNC, har aka ba shi mataimakin bulaliyar majalisa. Jaja Wachuku ya yi kakaki na ɗan lokaci, sannan Alhaji Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya karɓa a 1960. Duk zauren babu mace ko ɗaya, matan Arewa ma ba su da ikon jefa ƙuri'a a lokacin.

Inda Baba ya yi gaskiya shi ne tsarin kansa. Minista ɗan majalisa ne, a zaure ɗaya yake zama da masu sukarsa. Muhammadu Ribadu ko Maitama Sule ko Okotie-Eboh, kowanne dole ya miƙe ya amsa tambaya da bakinsa, ba sai an aika masa takardar gayyata ba. A shekaru biyun farko kuma hamayya tana da haƙori. Yarjejeniyar tsaro da Ingila ta wuce a majalisa a ƙarshen 1960, amma AG ta ƙi yin shiru, ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi zanga-zanga har harabar majalisa, a Janairun 1962 aka soke ta.

Abin ya juya a watan Mayu na 1962. AG ta dare biyu tsakanin Awolowo da Akintola, wanda ya gaje shi a kujerar Firimiyan Yamma. Ranar 25 ga wata aka yi ta jifa da kujeru a Majalisar Yamma da ke Ibadan, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a cikin zauren. Kwana huɗu bayan haka, ranar 29 ga Mayu, Majalisar Tarayya ta zauna, a wuni ɗaya ta amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma. Ni dai ban ga hujjar wannan gaggawa ba. Rikicin a cikin zaure ya tsaya, gari bai hargitse ba, kuma jihar da aka karɓe ita ce gidan jam'iyyar hamayya. Majalisar da ta san nauyin da ke kanta da ta tsaya ta yi bincike tukuna.

Daga nan sauya sheƙa ta ƙaru. Wakilan AG, musamman waɗanda suka ci zaɓe a Arewa, suka yi ta komawa ɓangaren gwamnati, NPC ta wayi gari tana da rinjaye ko ba NCNC. A 1963 kotun ƙoli ta Ingila, wadda a lokacin can ake kai ƙarar ƙarshe, ta yanke hukunci cewa cire Akintola daga kujerar Firimiya da gwamnan Yamma ya yi yana bisa doka. Sai Majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkin jihar ya koma baya ya rufe hukuncin, Majalisar Tarayya kuma ta sa hannu. A watan Satumba aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin shirin kifar da gwamnati.

Ga kuma wani rauni da ba a cika faɗa ba: zaman majalisar kaɗan ne. Wakilai da yawa ma'aikatan En'e ne da malaman makaranta da hakimai da 'yan kasuwa. Sukan zo Legas na 'yan makonni, galibi lokacin kasafin kuɗi, a zartar da dokoki a gurguje, kowa ya koma gida. Manyan shawarwari kuwa a Kaduna da Inugu da Ibadan ake ƙulla su, domin shugaban NPC kansa, Sardauna, yana Kaduna.

Duk da haka ta yi ayyukan da har yau muke kansu. Ita ta zartar da ƙudurin neman 'yancin kai a Janairun 1960, ita ta amince da ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Yamma, ita kuma ta zartar da tsarin mulkin da ya mai da Nijeriya jamhuriya ranar 1 ga Oktoba, 1963. Abin da ya gagare ta shi ne rigimar ƙidayar jama'a, wadda aka soke ta 1962 aka sake a 1963, aka ce mutane miliyan 55.6 ne. Wannan rigima ta raba NPC da NCNC, an rushe majalisar a Disamban 1964, kuma ƙawancen UPGA, wanda ya haɗa NCNC da AG da NEPU, ya ƙaurace wa zaɓen 30 ga watan a wurare da dama, har sai da aka sake shi a Gabas a watan Maris na 1965.