Tambayoyin Manoma: Farar Toka a Ganyen Kabewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina noman rani a yankin Kura ta Jihar Kano, kuma bana na shuka kabewa. Tun da hunturu ya kama na ga wani abu fari kamar toka a kan ganyen, na ɗauka ƙura ce, amma yanzu tsofaffin ganye sun soma yin rawaya suna bushewa alhali 'ya'yan ba su ƙosa ba. Mene ne wannan, kuma me zan fesa?
Daga wani manomi a Kura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kwatanta ba ƙura ba ce, cutar fumfuna ce wadda masana ke kiran mai haddasa ta Podosphaera xanthii, kuma tana kama dangin kabewa irin su kankana, kokwamba, guna da duma. Idan kana son tabbatarwa, juya tsohon ganye na ƙasan yaɗo ka duba bayansa, domin ƙurar hunturu a saman ganye take sauka, ita kuwa wannan cuta sau da yawa ta ƙarƙashi take farawa da 'yan ɗigo-ɗigo masu zagaye.

Manoma da dama suna zaton sai da damina fumfuna ke kama amfanin gona, amma wannan ba ta buƙatar ganye ya jiƙe. Iska ce ke ɗaukar ƙwayoyinta daga gona zuwa gona, kuma tana bunƙasa ne a yanayin zafi na digiri 20 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, musamman inda ganye ya cunkushe, inuwa ta yi yawa, ƙasa kuma tana da danshin ban-ruwa. Wannan kuwa shi ne ainihin yanayin fadama tsakanin Disamba da Fabrairu. Yawan zuba takin yuriya ma yana taimaka mata, saboda yana fito da ganye mai taushi da yawa.

Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne, ganyen da ya riga ya yi fari fat ba ya warkewa, feshi yana kare wanda bai kamu ba ne. Don haka sai ka tsinke ganyen da suka lalace sosai, ka fitar da su daga gonar ka binne, amma kada ka yi wa yaɗon tsirara, domin rana za ta ƙona 'ya'yan da suka rasa inuwa.

Daga nan sai feshi. Maganin farar wuta mai narkewa a ruwa yana aiki ƙwarai kuma ba shi da tsada, sai dai yana ƙona ganye idan zafin rana ya haura digiri 32, kuma ba a fesa shi sai an bar tazarar mako 2 da feshin kowane irin mai. Man darbejiya da aka dama da ɗan sabulu yana rage cutar idan ba ta yi nisa ba. Magunguna masu shiga jikin shuka, irin su difenoconazole, sun fi ƙarfi, amma a ganina kuskure ne manomi ya dogara da guda ɗaya, domin wannan fumfuna tana saurin sabawa da magani. A riƙa sauyawa, a kuma bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ka maimaita feshin duk bayan kwana 7 zuwa 10, ka tabbata ya taɓa bayan ganye, kuma ka yi shi da yamma, domin da safe furen kabewa ke buɗewa, lokacin da ƙudan zuma ke yi masa barbara.

Idan kuma ka ga tabo mai rawaya mai kusurwa a saman ganye da toka-toka mai duhu a bayansa, to wata cutar ce daban da maganinta daban, sai ka kai ganyen wa malamin gona na KNARDA, wato hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano, kafin ka sayi komai. A shuka ta gaba ka buɗa tazara tsakanin ramuka, kuma kada ka shuka sabuwar kabewa kusa da tsohuwar da ta kamu.